Gurumi da molo: yadda ake zaɓen babbar tsirkiya

A gurumi ko molo, babbar tsirkiya ce ke riƙe da amo mai zurfi, ita ce kuma ta fi ba makaɗa wahala. Yau galibi zaren nailan na masunta ake ɗaurawa.

Amo mai zurfi nauyi yake so. Sai dai zare guda mai kauri sosai ya cika tauri: ka taɓa shi ya ce dum, ya mutu nan take. In ka ɗauki siriri ka sassauta don amon ya sauka, sai ya yi ta karkarwa. Abin da ya fi shi ne a murɗa sirara biyu ko uku wuri ɗaya, ga nauyi ga laushi.

Wajen saye, guji zaren da ya daɗe yana shan rana bisa teburin mai kaya, don rana na cin nailan. Ja shi tsakanin yatsu. In ka ji kaushi, bar masa abinsa.

Sabon zare yana kwanaki yana miƙewa, saboda haka kada ka ɗaura shi ranar biki. Ka kuma goge kaifin ɗan icen da tsirkiya ke hawa, nan ta fi tsinkewa.