Kamfanin Lego da wutar iska: abin da ake nufi idan an ce "kashi ɗari bisa ɗari"

'Yan'uwa da yawa sun san Lego, waɗannan ƙananan bulo na roba masu launi da yara suke harhaɗawa su gina gida ko mota. Kamfanin ya fara ne a garin Billund a ƙasar Danmak, inda wani kafinta Kirista mai suna Ole Kirk Christiansen ya soma sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. Danmak ba baƙuwa ba ce a wurinmu: daga can Dokta Niels Brønnum ya zo Numan a 1913, aikin da ya haifi ikilisiyar Lutheran ta Almasihu a Najeriya.

A watan Mayu na 2017 kamfanin ya sanar cewa ya cim ma burinsa na daidaita dukan makamashin da yake amfani da shi da makamashi mai sabuntawa, wato wanda ba ya ƙarewa kamar iska da hasken rana. Ya kai wurin shekara 3 kafin lokacin da ya ɗibar wa kansa.

Yaya aka yi? KIRKBI, kamfanin da iyalin masu Lego suke riƙe da dukiyarsu a cikinsa, ya zuba kuɗin Danmak kurona biliyan 6 a manyan gonakin iska guda biyu da aka kafa cikin teku. Ɗaya ita ce Borkum Riffgrund 1 a gaɓar Jamus, mai injin 78 da ƙarfin megawat 312. Ɗayar kuma Burbo Bank Extension kusa da Liverpool a Ingila, mai injin 32 da ƙarfin megawat 258, inda ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu. Kowane inji a can doguwar hasumiya ce mai fukafukai uku. Iska tana juya fukafukan, su kuma su juya janareta da ke sama, wuta ta bi waya a ƙarƙashin ruwa zuwa tudu. Wanda ya taɓa wucewa ta Lambar Rimi a jihar Katsina ya ga ƙannensu. Amma dukan injinan Lambar Rimi megawat 10 aka tsara su bayar, alhali inji ɗaya tak na Burbo Bank yana iya ba da 8.

Ga wurin da nake so mu tsaya. A 2017 masana'antun Lego suna Danmak, Hangari, Jamhuriyar Cek, Meziko da Sin. Babu wayar da ta tashi daga tekun Ingila ta shiga masana'antar Meziko. Wutar da injinan iskar suka samar tana shiga babban layin ƙasa ne, ta gauraya da wadda aka samo daga gas da gawayin kwal, kowa ya sha. Masana'antar Sin kuwa tana jan wuta daga layin Sin, ko daga me aka samo ta. Abin da kamfanin ya yi lissafi ne na shekara: na ci mudu kaza a nan, na zuba mudu kaza na tsabtatacciyar wuta a can. Kamar manomi ne da ya ɗebi hatsi a rumbun gari ɗaya, ya mayar da daidai wannan awo a rumbun wani gari.

Shin wannan ruɗi ne? A ganina a'a, muddin an faɗi abin yadda yake. Injinan na gaske ne, kuma duk wutar da suka bayar ta rage wadda da za a ƙona mai a samu. Hayaƙin da ke ɗumama duniya bai san iyakar ƙasa ba, saboda haka raguwarsa a Jamus tana da amfani har ga manomin Gombe da damina take yi wa wasa. Karin Magana 11:1 ta nuna mana Ubangiji ya damu da gaskiyar ma'auni, kuma a nan sai in yaba wa kamfanin da ya yi amfani da kalmar daidaitawa. Masu talla da 'yan jarida ne sukan gajarta magana har mai karatu ya ɗauka kowace na'ura da iska take juyawa.

Kuma wuta ba ita ce dukan labarin ba. A lokacin, robar da ake yin yawancin bulon daga ɗanyen mai take fitowa, kuma mafi yawan hayaƙin da ake lissafa wa kamfanin yana wajen masu kawo masa kaya ne. Ya gwada yin bulo da tsoffin robobin ruwan sha, amma a 2023 ya bar shirin domin ya gano ba zai rage hayaƙin ba. A sabuwar masana'antarsa ta Biyetnam, da aka buɗe a 2025, ya shimfiɗa dubban farantan sola a kan rufi domin wani ɓangare na wutar ya fito daga wurin kai tsaye.

Farawa 2:15 ta nuna aikin da aka fara ba mutum game da ƙasa ya haɗa noma da kulawa. Shi ya sa wannan batu ya shafi majami'a, ba masu masana'anta kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ikilisiyoyi da dama suna ganin baikon Lahadi yana ƙarewa a tankin janareta, dattawa kuma sun fara zancen sola. Idan mai sayarwa ya ce zai ba ku wuta ɗari bisa ɗari, ku yi masa irin tambayar da muka yi wa Lego. A faɗi nawa fanka, fitilu da kayan sauti suke ci a awa ɗaya, awa nawa batir zai ɗauke su a addu'ar dare, me zai faru a watan Agusta idan hadari ya rufe rana kwana uku, kuma bayan shekara nawa za a sake sayen batir, daga wane asusu.