Wasan Ogunde Da Aka Hana Nunawa A Kano

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Ibadan ya san sunan marigayi Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarabawa. Amma ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin manyan wasanninsa na kiɗa da waƙa ya sha kāshi a Arewa ba. Sunan wasan "Bread and Bullet", watau burodi da harsashi.

An haifi Ogunde a Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin 1916. Ya yi malanta, ya yi aikin ɗan sanda, sa'an nan ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiyar wasa. Tun farko sana'ar ba ta zo masa da sauƙi ba. Iyaye ba sa yarda 'ya'yansu mata su hau dandali su yi rawa, har dai ya riƙa auren 'yan wasansa don kada ƙungiyar ta watse. Kuma ba gwamnati ke ba shi ko kwabo ba. Kuɗin ƙofa shi ne abincinsa da na jama'arsa.

Ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta kan mahaƙan kwal a Iva Valley, Inugu, waɗanda ke rikici da hukuma kan albashi. Mutum 21 suka rasu. Ƙasa ta ɗauki zafi ƙwarai. Cikin 1950 Ogunde ya mai da wannan labari wasa, da ganguna da waƙoƙi da rawa.

To, me ya haɗa Arewa da kwal ɗin Inugu? Hanyar jirgi ce. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya iso Kafanchan cikin 1927, inda ya rabu biyu, ɗaya Kaduna, ɗaya Jos. Ta nan kwal ke wucewa zuwa ma'aikatun kuza, shi ne kuma wutar jiragen kansu. Saboda haka Kafanchan ta cika da ma'aikatan reluwe, da yawansu mutanen Kudu, haka ma Sabon Garin Kano da na Zariya. Irin waɗannan baƙi su ne 'yan kallon da masu wasan Kudu ke biyowa, kuma gare su kisan Inugu ba labarin nesa ba ne.

Hukuma ta san da haka. Ga shi kuma cikin Agusta 1950 an kafa jam'iyyar NEPU a Kano, siyasa ta fara ɗumi. Da Ogunde ya iso Kano cikin 1951 sai aka hana wasan, aka ce yana tunzura jama'a. Aka gurfanar da shi gaban shari'a, aka ci shi tara don ya manna takardun talla ba izini. Kaduna da Makurɗi su ma suka rufe masa ƙofa. Mai karatu ya auna: ga kuɗin tafiya, ga bakuna masu jiran abinci, ga kaya an jibge, amma ba damar karɓar ko sisi a ƙofa.

Wannan bai sa ya saduda ba. Cikin 1964 gwamnatin Akintola ta hana shi wasa a duk Jihar Yamma saboda "Yoruba Ronu", sai cikin 1966 gwamnatin soja ta ɗage hanin. Ya rasu a Landan ran 4 ga Afrilu, 1990, bayan ya fito a fim ɗin "Mister Johnson" da aka ɗauka a ƙasar Jos.

Wasa kan faɗi don ba a zo kallo ba. Na Ogunde kuwa, tsoron 'yan kallonsa ne ya sa aka kā da shi.