Giwan ruwa a tankin tsakar gida? Karanta wannan kafin ka zuba kuɗinka



Duk wanda ya ga hoton masunci a Argungu ya rungumo giwan ruwan da ya kusa kai tsawonsa, dole ransa ya biya. Ga farin nama, ga ƙarancin ƙaya, ga tsada a kasuwa. Shi ya sa mai tankin siminti ɗaya ko biyu a Gyallesu ko wata unguwa ta Tudun Wada zai iya cewa: to me zai hana in sa masunta su kamo min 'ya'yansa in zuba? A gaskiya kamun giwan ruwa daban, kiwonsa daban, kuma kiwon nasa bai dace da mai ƙaramin jari ba tukuna.

Giwan ruwa kifin babban ruwa ne, irin su Kogin Neja, Binuwai, tafkin Kainji da Tafkin Chadi. Yana iya kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200. Masunta na kama shi da ƙugiya mai ɗan kifi a jiki, ko mamari, ko taru. Ka lura da abin da ake ɗana masa: kifi ɗan'uwansa. Abincinsa ke nan tun yana ƙarami. Idan ka haɗa shi da karfasa ko 'ya'yan tarwaɗa, to ka ajiye kura a garken awaki.

An ga haka a Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka zuba shi a can, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200 suka ɓace. Idan tafki mafi girma a Afirka ya ji jiki, ina ga tankinka?

Sai kuma maganar ruwa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa kusa da matsefinta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure cunkoso da ruwan da ya kwana biyu. Giwan ruwa ba shi da wannan. Ruwan ya yi ƙarancin iska cikin dare, ga ba wuta balle ka kunna famfo, da safe sai dai ka kwashi gawa.

To shin ba a taɓa mayar da irin wannan kifi na kiwo ba? An yi. A Amurka akwai wani kifi mai farautar 'yan uwansa da suke kira striped bass, saboda zane-zanen da ke jikinsa. A teku yake rayuwa, amma yana hawa koguna ya yi ƙwai. Sun yi ta kama shi ba ji ba gani har ya kusa ƙarewa. A 1984 majalisarsu ta yi dokar kare shi, jihar Maryland ta hana kamunsa daga 1985 zuwa 1990, sai a 1995 aka ce ya farfaɗo. Wanda suke kiwo kuwa ba daga kogi suke ɗebo shi ba. Tun shekarun 1960 masana a jihar South Carolina suka haɗa shi barbara da wani danginsa na ruwan daɗi, aka samu iri mai jure tafki, ana ƙyanƙyashe shi a gidan ƙyanƙyasa, ana koya masa cin abincin buhu tun yana ƙarami.

Mu a nan, kifin da aka riga aka yi wa wannan aikin shi ne tarwaɗa. Akwai masu ƙyanƙyasa, akwai abincinta a shaguna, akwai masu saye ɗanye da masu banda. Da iri mai kyau da isasshen abinci, tana iya kai kilo 1 cikin wata 5 zuwa 6.

Ko tarwaɗar ma, kar ka ɗebo 'ya'yanta daga Kubanni ko Galma don kana neman sauƙi. Ba ka san shekarunsu ba, wani ƙaramin da kake gani tsoho ne da ya tsumbure, zai ci abincinka bai girma ba. Suna iya zuwa da cuta, kuma wani mafarauci na iya shigowa cikinsu ba ka sani ba. Tunda abinci ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, arahar iri ita ce babbar asara.

Abin yi shi ne: sayi iri masu girma ɗaya daga wurin da ka ga iyayen da idonka. Riƙa tace su kamar duk mako 2 a farko, ka ware manya, domin tarwaɗa ma tana cin 'yar'uwarta. Ka tabbatar da ruwan canji kafin kifi ya iso, musamman lokacin zafi da rijiyoyi ke ja baya. Neman shawara kuma bai yi mana nisa ba, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru.

Giwan ruwa dai a bar wa masunta da Sarkin Ruwa. Allah ya sa wa kiwonmu albarka, amin.