Mai Keken Guragu a Cikin Layi: Abin da Doka Ta Tanada da Abin da Ke Ƙasa

Layi, yadda aka saba tsara shi a asibiti da banki da rumfar zaɓe, an yi shi ne domin wanda ke tsaye da ƙafafunsa. Mai tsayuwa ba ya cin wuri. Yana iya matsawa taku ɗaya, ya karkace ya ba wani hanya, ya tsallake kwata, ya hau matakala uku bai ma lura ba. Wanda ke kan keke kuwa, waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke shiga tsakaninsa da buƙatarsa, kuma sau da yawa a bakin ƙofa tafiyarsa ke ƙarewa.

Kekunan da masu lalurar ƙafa ke hawa iri uku ne. Akwai kujerar turawa ta asibiti, akwai keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, sai kuma keken lantarki mai aiki da batir. A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuci, na biyun aka fi gani, kuma da dalili. Da kayan keke na yau da kullum ake haɗa shi: kaca, feda, birki da tayoyin da kowane mai faci ya sani. In ya karye mai walda zai gyara shi a bakin kasuwa, ba ya neman caji, kuma manyan tayoyinsa sun fi jure rairayi. Akwai masu ƙera shi a Kano, a ƙarƙashin ƙungiyar waɗanda cutar shan inna ta nakasa, haka ma a Jos. Yawancin mahayansa shan inna ce ta taɓa su tun suna yara. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya a watan Agustan 2020, bayan an ga ta ƙarshe a jihar Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan, sun zama magidanta da matan aure. Ga kuma tsofaffi, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda haɗarin babur ko ciwon suga ya raba da ƙafa.

Sai dai abin da ya sa keken ya dace da hanya shi ne ya hana shi dacewa da layi. Dogo ne, tayar gaba ta yi gaba, ga fedar hannu a saitin ƙirjin mahayi. Kafin ya juya sai ya sami fili, kuma komawa da baya aiki ne. Idan layi ya bi tsakanin ƙarafa ya yi kwana, nan keken zai tsaya. Ƙofar tsaro ta banki, wadda ke ɗaukar mutum ɗaya a tsaye, ko kujerar turawa ba ta shiga balle shi. Abin da aka saba gani ke nan: mutum ya bar kekensa a waje, ya sa takalman roba a hannu, ya ja jiki a kan siminti ko ƙasa mai zafi tsakanin ƙafafun jama'a. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin yankin Sakkwato ke haura digiri 40, wannan azaba ce. Idan ya isa, tagar ma'aikaci na sama da kansa, sai ya ɗaga kati yana jiran a leƙo.

Wuraren da suka fi zurfafa tunani a kan wannan matsala su ne manyan wuraren shaƙatawa na ƙasashen waje, domin sana'arsu kusan rabinta sarrafa layi ne. A wuraren wasa na Disney da ke Amurka, mutum kan jira awa guda ko fiye kafin ya hau lilo na 'yan mintuna, kuma yakan yi tafiyar kilomitoci a yini. Saboda haka ake ba da hayar keken lantarki tun daga bakin shiga. Wani Ba'amurke mai suna Allan Thieme ne ya fara ƙera irin wannan keke a jihar Mishigan a 1968: kujera ce a kan tayoyi uku ko huɗu, da kan tuƙi irin na babur, gudunsa a cikin jama'a bai wuce na mai sauri da ƙafa ba. Dokar nakasassu ta Amurka ta 1990 ta tilasta wa wuraren jama'a buɗe hanya, ka'idojinta kuma sun faɗi awo: hanya mai faɗin kusan santimita 90, filin juyawa na mita ɗaya da rabi, gangara kuma kada ta tashi fiye da taku ɗaya a kowane taku 12 na tsawo.

Hanyoyi uku wuraren wasan na Disney suke bi. Inda layin ke da faɗi, mai keke na shiga tare da kowa, ya jira yadda kowa ke jira. Inda keken lantarki ba zai iya shan kwana ba, sai ya ajiye shi a ƙofa a ba shi kujerar turawa. Inda ginin tsoho ne, kamar wasu sassan Disneyland ta Kalifoniya da aka buɗe a 1955, sai a rubuta masa lokacin dawowa daidai da tsawon layin, ya je ya huta, in lokaci ya yi ya shigo ta wata ƙofa. Wannan ta ukun ita ce ta fi cancantar a lura da ita, domin babu bulo ko siminti a cikinta. A 2013 kamfanin ya sauya tsohon tsarinsa na katin wucewa gaba, bayan an gano cewa wasu masu hali na ɗaukar hayar nakasassu su raka su don su tsallake layi. Duk inda aka buɗe ƙofar sauƙi, masu lafiya za su nemi kutsawa, kuma alhazan da suka san cinkoson ɗawafi ba sa buƙatar a yi musu bayani. A Masallacin Harami ma an ware bene na musamman ga kekunan lantarki na haya domin ɗawafi da sa'ayi, wanda zagayensa bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku.

Dokar Najeriya ta zarce tsarin jira daidai da kowa. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a duk inda ake layi a fara duba mai nakasa, kuma gwargwadon iko a biya masa buƙata ba tare da ya shiga layin ba. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta ɗora wa hukumar zaɓe nauyin taimaka musu a rumfa, inda ƙa'idarta ta ce a gabatar da su tare da tsofaffi da masu juna biyu.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tausayin gurgu. A kasuwa ko masallaci da wuya a rasa mai cewa a ba shi hanya, kuma sarautun sarkin guragu da sarkin makafi sun daɗe suna tsaya wa mutanensu a gaban hakimai. Amma tausayi yana bin yanayin zuciya. Ranar da layi ya yi sanyi ana samunsa, ranar rabon taki ko tallafin abinci ko rajistar katin ɗan ƙasa, lokacin da kowa ke tsoron kaya su ƙare, shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba: da yawa in sun ga mai keke a ƙofar ofis sai su ɗauka bara ta kawo shi, a miƙa masa naira hamsin alhali kuɗinsa ya zo cirewa. Amfanin doka shi ne ta mayar da abin haƙƙi, wanda mai shi zai nema ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Keken lantarki bai zama gama-gari a wannan yanki ba, kuma ba tsada kaɗai ta hana ba. Ƙananan tayoyinsa na nutsewa a yashi, ruwan damina na lalata wayoyinsa, zafi na rage ƙarfin batir, ga shi yana son cajin awoyi a inda wuta ba ta da tabbas. Masu hali sun fi komawa ga babur da aka ƙara wa taya ya zama mai ƙafa uku. Shi kuwa ya fi keken hannu faɗi, yana da hayaƙi, babu yadda za a shiga ɗaki da shi. Ma'ana, ko da arziki ya ƙaru, matsalar bakin ƙofa tana nan.

Gyaran da ya dace da asibiti ko sakatariya ko makarantar da ake zaɓe a cikinta bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A ba mai keke lamba da zarar ya iso, a nuna masa inuwa kusa da ƙofa inda zai jira a kan kekensa, ma'aikaci ya fito ya same shi. A ajiye kujerar turawa ɗaya a mashiga domin wanda kekensa ba zai shiga ba. A rufe kwata da murfin siminti, a zuba gangara mai kwanciya, domin wadda ta miƙe tsaye ta fi matakala haɗari. Mai gadi shi ne mutum na farko da ya kamata ya san doka, tunda a hannunsa ake hana shiga ko a bari. Jama'a kuma su sani cewa keke kamar ƙafar mai shi ne: ba a jingina da shi, ba a tura shi sai an tambaya, kuma ana yi wa mai shi magana kai tsaye, ba yaron da ya rako shi ba.

Wajibi ne shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da hakimai da limamai da shugabannin ƙungiyoyin nakasassu, su sa a karanta wannan tanadi na layi da Hausa a masallatan Juma'a da gidajen rediyo, a kuma liƙa shi a ƙofar kowane asibiti da banki da wurin rabon tallafi.