Ta'aziyyar Uba a Ƙasar Mayahi: Wa Ke Ɗauke wa Wa Nauyi?

Idan magidanci ya rasu da hantsi a wani ƙauye na gundumar Mayahi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Ɗansa da ke cin rani a Kano ko Agadas, ko wanda ya tsallaka Libiya, a waya zai ji labari, kuma ko ya kamo hanya nan take, kabari zai tarar. Abin da ya rage masa shi da 'yan'uwansa shi ne shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su karɓi gaisuwa.

Gaisuwar ba ta da tsawo. Mai zuwa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi fatiha a shafa. Ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" A amsa, "Da godiya." Ya ce, "Allah shi jiƙan Baba, shi sa can ta fi mashi nan." A ce, "Amin, Allah shi ba da lada." Sai dattijon da ya yi zamani da marigayin ne kaɗai zai ƙara wani abu, ya dafa kafaɗar babban ɗa ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, yau kai ne uban gidan nan." Ina ganin hikima a wannan taƙaitawa. Wanda zuciyarsa ke ƙuna ba ya bukatar dogon jawabi, kuma ba ya bukatar a sa shi ya maimaita wa kowane baƙo yadda ciwon ya fara da yadda rai ya fita.

Inda nake da magana shi ne abin da ke faruwa a bayan tabarmar. Malamanmu na Malikiyya da sauran mazhabobi sun yi bayani cewa maƙwabta da dangi ne ya kamata su dafa abinci su kai gidan da aka yi rashi. Hujjarsu sananniya ce: da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalin Ja'afaru abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. A gidaje da yawa yau abin ya juye. Baƙi sun zo daga Tasawa, daga Kanambakashe, daga Maraɗi, wasu za su kwana uku, kuma kunya ba za ta bari a bar su da yunwa ba. Sai a buɗe rumbu, a fid da damman hatsi, mata su kwana suna daka, a dama fura, a yi gumbar sadaka, a yanka akuya. Idan rasuwar ta faɗo da kaka, da sauƙi. Idan ta faɗo tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tiyar gero ta yi tsada a kasuwa, to zaman makoki na iya cinye abin da marayu za su ci har girbi, wani lokaci har da iri.

An daɗe ana jayayya kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, kuma ta samu karɓuwa a Maraɗi musamman tsakanin 'yan kasuwa, tana ɗaukar tarukan nan bidi'a, malaman zaure da na ɗariƙa kuwa suna kare su a matsayin addu'a da sadaka ga mamaci. Ba raba wannan gardama na zo yi ba. Amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: dukiyar mamaci, bayan an yi masa sutura, bashi ake fara biya da ita, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Idan cikin magada akwai yara ƙanana, hatsin da aka ciyar da baƙi har da rabonsu a ciki, kuma ba wanda ya nemi izininsu.

A ƙasar Gulbin Kaba, wato yankin Mayahi, uba shi ne mai gandu. Shi ya san iyakar kowace gona, wace ce aro, wace ce jingina, wace ce kakansa ya sare daga daji. Shi ke ba matan gida da samari gamana su noma abin kansu. Yawancin wannan ilmi a kansa yake, ba a takarda ba, kuma da shi ake rufe shi. Bafaranshen nan masanin zamantakewa, Claude Raynaut, wanda ya yi bincike a ƙauyukan jihar Maraɗi tun shekarun 1970, ciki har da Sarkin Hausa a nan yankin Mayahi, ya nuna yadda gandu ke wargajewa, saura ke ɓacewa, gona ke komawa abin saye da sayarwa. Tun daga lokacin mutane sun ƙaru ƙwarai: ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum rabin miliyan a gundumar Mayahi kaɗai, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru ba. Gonar da ta ciyar da gida guda a hannun uba, idan aka yanka ta tsakanin 'ya'ya goma na ɗakuna biyu ko uku, kowa zai tashi da abin da ba zai kai shi rani ba. A nan 'yan uba ke ɓatawa, wani lokaci tun ba a naɗe tabarmar makoki ba.

Saboda haka abokin marigayi da ya san iyakokin nan yana da ta'aziyyar da ta fi ta kowa tsada, wato ya faɗi gaskiya gaban maigari da liman tun rigima ba ta tashi ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, kuma yau ana samun su daga gunduma har ƙauye, suna ba da takardar shaidar mallaka, sayarwa, kyauta, aro da jingina. Wanda ya raka marayu suka samo wannan takarda ya share musu hawayen da ba su riga sun zubar ba.

Akwai kuma waɗanda muke mantawa a cikin gida. Maza na karɓar gaisuwa a waje, jama'a na ganinsu, amma ɗiya mace da ta yi aure ta rasa fiye da yadda ake zato. Ta rasa wanda mijinta ke jin nauyi, ta rasa ƙofar da za ta nufa idan ta yi yaji. Shari'a ta ba ta rabin rabon ɗan'uwanta namiji, har a gona, amma sau da yawa sai a ce ai tana gidan wani, a sallame ta da ɗan kuɗi ko da alkawari. Mahaifiyarta kuma za ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10. Daminar Mayahi ba ta fi haka tsawo ba. Matar da mijinta ya rasu da ruwan shuka, takabarta za ta cinye noman shekarar baki ɗaya, ko da yake Malikiyya sun yarda ta fita da rana don bukatarta. In ba a yi mata gayya ba, gamanarta ciyawa za ta ci.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, yanzu kuwa waya ta ɗauke rabin tafiyar. Ban raina saƙon murya na WhatsApp da ɗan ci-rani zai turo daga Aljeriya ba, ban kuma raina jika biyar da zai aiko ta Nita ko Al Izza ba. Abin da nake roƙo shi ne a duba lokacin aikowa da hannun da za a damƙa wa. Kuɗin da ya iso ranar uku a tukunyar baƙi yake ƙarewa. Wanda ya iso ana gab da noman farko, aka ba uwar marayu a hannunta, shi zai sayi hatsi ya biya 'yan ƙwadago.