Wa Ke Tsaron Kuɗin Manomin Kibiya?

Manomin Kibiya ta Jihar Kano da ya sayar da gyaɗa ko dawa bayan kaka yana buƙatar wurin ajiya, da damina kuma yana buƙatar rancen taki. Domin irinsa Babban Bankin Nijeriya, CBN, ya fito da tsarin ƙananan bankuna a Disambar 2005, don su gaji bankunan al'umma na shekarun 1990. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa guda 37 a zangonta na biyu.

Sai dai tarihinsu cike yake da rufewa. A 2010 CBN ya soke lasisin 224 a faɗin ƙasa, a watan Mayun 2023 ya sake soke na 179. Akan ɗora laifin kan ƙarancin jari, shi ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin jarin ƙaramin bankin karkara zuwa naira miliyan 50. A ganina ciwon ya fi tsanani a ɗakin taron daraktoci.

Kuɗin da banki ke rantawa ajiyar jama'a ce. Idan darakta ya ci bashi, ya sa aka ba ƙaninsa da surukinsa, wane ma'aikaci ne zai je karɓo kuɗin? A ƙaramin gari kowa ɗan'uwan kowa ne, kunya kuma takan hana a tambayi babba. Inda aka naɗa daraktoci don saka wa 'yan siyasa, mai karɓar rance yakan ɗauka rabonsa ne na gwamnati, ba ya ma tunanin biya. Bashin ya maƙale, littafi na nuna riba, akwati ba komai. Ko uwar adashi ta san cewa ranar da ta fara cin zubi, ranar adashi ya mutu.

Ƙa'idojin shugabanci da CBN ya fitar a 2018 sun hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban daraktoci da ta manajan darakta, sun kuma wajabta kwamitin binciken kuɗi. Takarda ce mai kyau, amma sai masu hannun jari sun halarci taron shekara sun nemi a karanta musu rahoton mai bincike.

Mai ajiya yana da 'yar kariya: a 2024 hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, ta ɗaga inshorar ajiya a ƙananan bankuna daga naira 200,000 zuwa miliyan 2. Wannan zai iya maido masa kuɗinsa idan banki ya durƙushe, amma ba zai sake buɗe bankin ba, sai ya koma neman rance wurin 'yan kasuwa, buhu biyu a kan ɗaya.