Hawan Dutsen Kilimanjaro: Tafiyar da Ba Ta Son Gaggawa

A duk shekara dubban mutane daga sassa daban-daban na duniya sukan sauka a garin Moshi da ke arewacin ƙasar Tanzaniya da niyyar hawan Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane tsawo a nahiyar Afirka. Tsayinsa ya kai mita 5,895 daga doron teku, kuma abin da ke jan hankalin jama'a gare shi shi ne ba ya bukatar igiya ko ƙwarewa ta musamman. Da ƙafa ake hawansa tun daga gindi har ƙololuwa. Sai dai kuma wannan sauƙin da ake gani shi ne yake yaudarar mutane da yawa, domin ba kowa ne ya kama hanya yake kaiwa ba, wasu ma a kan gadon ɗaukar majiyyata ake sauko da su.

Dutsen, wanda asalinsa mai aman wuta ne, yana da kawuna uku, wato Shira da Mawenzi da Kibo, wanda shi ne mafi tsawo. A 1848 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Johannes Rebmann ya ba da labarin cewa ya hango ƙanƙara a kansa, amma wasu masana a Ingila suka ƙaryata shi, suna cewa ba ta yiwuwa a sami ƙanƙara a tsakiyar ƙasashe masu zafi. Sai a watan Oktoba na 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwar, aka laƙaba mata sunan sarkin Jamus. Bayan da Tanganyika ta sami mulkin kai a watan Disamba na 1961 aka sauya sunan zuwa Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili. A 1973 gwamnati ta mai da saman dutsen gandun daji na ƙasa, sannan a 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Dokar gandun ba ta yarda baƙo ya hau shi kaɗai ba. Tilas ne ya kasance tare da ja-gora mai lasisi, kuma a aikace hakan yana nufin ayari guda: ja-gora da mataimakinsa, da kuku, da 'yan dako uku ko huɗu ga kowane baƙo. Wanda ya san labarin fatake na da ba zai ga baƙon abu a nan ba. Akwai madugu, akwai masu kaya a ka, kuma tafiyar zango-zango ce.

Tsohuwar hanya ita ce ta Marangu, kuma ita kaɗai ce ke da ɗakunan kwana. A sauran hanyoyin, irin su Machame da Lemosho da Rongai, a tanti ake kwana. Daga ƙofar Marangu mutum yakan bar gonakin ayaba da kofi na 'yan ƙabilar Chaga a bayansa, ya shiga kurmi mai duhu da danshi, inda birai ke tsalle a kan itatuwa. Zangon farko, Mandara, yana kan tsayin kimanin mita 2,700. Ke nan tun a daren farko matafiyi ya riga ya wuce tsayin Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Kashegari itatuwa sukan fara gajarta har su ƙare, a shiga fili mai ciyayi da hazo zuwa zangon Horombo, a kan kimanin mita 3,700. Daga nan sai hamada ta tsakuwa da iska tsakanin Mawenzi da Kibo, inda rana ke ƙona fata da tsakar rana, ruwa kuma ya daskare da dare.

Kalmar da baƙo zai fi ji daga bakin ja-gora ita ce “pole pole”, wato sannu-sannu. Akwai dalili. Yayin da ake ƙara hawa iska tana ƙara sirancewa, ta yadda a ƙololuwa abin da mutum ke shaƙa a numfashi ɗaya bai wuce kimanin rabin abin da yake samu a bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa da haka, amma yana bukatar kwanaki. In aka hana shi, sai ciwon kai ya fara, da tashin zuciya, da rashin barci da ƙin abinci. A wasu mutane abin yakan tsananta har ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma a wannan hali maganin da ya fi kowane shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa. Sau da yawa ma samari majiya ƙarfi ne suke fara jigata, saboda su ne suke ganin tafiyar ja-gora ta yi musu nawa. Akwai kuma gargaɗi ga mutanen Afirka ta Yamma musamman: mai ciwon amosanin jini, wato sikila, har ma da wanda yake ɗauke da ƙwayar halittar ciwon ba tare da yana jinya ba, ya kamata ya ga likita kafin ya yi tunanin wannan tafiya, domin ƙarancin iska a irin wannan tsayi yana iya tayar da matsala a saifa.

A nan ne maganar kuɗi ke shigowa. Bisa tsarin da hukumar gandun dajin Tanzaniya ta yi aiki da shi a 2023, baƙon da ba ɗan ƙasashen ƙungiyar Gabashin Afirka ba ne yana biyan dala 70 a kowace rana don shiga gandun, da dala 50 zuwa 60 na wurin kwana a kowane dare, ban da haraji. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru daidai yake da Bature a wannan lissafi. Waɗannan kuɗaɗe ba sa karɓar ciniki. Saboda haka idan kamfani ya yi wa mutum tayin farashi mai rahusa ƙwarai, wurare biyu ne kawai zai iya rage kuɗin: ko ya rage kwanakin tafiya, ko ya rage haƙƙin ma'aikata. Tafiyar kwana biyar ta Marangu ta fi araha, amma ita ce ta fi mai da mutane gida ba su ga Uhuru ba. Masu kwana bakwai ko takwas ta Machame ko Lemosho sukan hau zuwa kimanin mita 4,600 da rana, su sauko su kwana a ƙasa da mita 4,000, dabarar da ke ba jiki damar sabawa. Ƙarin kwana biyu yana da tsada, amma bai kai asarar kuɗin jirgi da na gandu gaba ɗaya ba.

Ɗaya hanyar rage kuɗin ta fi muni, domin ba wanda ya yi cinikin ba ne yake ɗanɗana kuɗarta. 'Yan dako su ne suke kwashe tanti bayan baƙi sun tashi, su wuce su a hanya da kaya a ka, su kafa sabon zango, su ɗebo ruwa, kafin baƙo ya iso ya tarar da shayi da zafinsa. Ƙa'ida ita ce kada kayan da za a ɗora wa mutum ɗaya su wuce kilo 20, ban da nasa na kansa, kuma akan auna a ƙofar gandun. Duk da haka an daɗe ana kokawa kan kamfanonin da ke biyan ƙasa da abin da aka amince, ko su ciyar da ma'aikata sau ɗaya a rana, ko su bar su su hau da takalma da tufafin da ba su dace da sanyin wurin ba. An sha samun 'yan dako da sanyi ya halaka a kan dutsen. Wata ƙungiya da ke Moshi, mai suna KPAP, tana ba 'yan dako aron kayan sanyi, tana kuma bin diddigin kamfanonin da suka yarda a duba yadda suke biyan albashi da ciyarwa. Bai kamata baƙo ya ji nauyin tambayar kamfani nawa yake biyan ɗan dako a rana ba. Kamfanin da ya yi ta kewaye-kewaye wajen amsa ya riga ya amsa.

Daren ƙarshe shi ne mafi wuya. Wajen sha biyun dare ake tashi daga zangon Kibo ko na Barafu, da fitila a goshi, a yi sa'o'i shida ko bakwai ana taka tsakuwa mai zamewa cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora. Galibi da fitowar rana ake isa bakin ramin dutsen, daga nan a ƙarasa zuwa Uhuru. A gefen hanya ne ake ganin abin da ya rage na ƙanƙarar da Rebmann ya hango, tana tsaye kamar katangu. Binciken da Farfesa Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka ya jagoranta ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar da ke wurin a 1912 ta ɓace kafin ƙarshen 2007, kuma wani rahoton UNESCO na 2022 ya yi hasashen cewa da wuya ta wuce 2050. Masana suna danganta hakan da sauyin yanayi, musamman bushewar iska da raguwar zubar sabuwar ƙanƙara. Manoman gindin dutsen kuwa sun fi dogara ga kurmin da ke tara ruwan sama da hazo, abin da ya sa gobarar da ta ci wani yanki na gandun a watan Oktoba na 2020 ta tayar da hankali sosai.

Ba a daɗewa a ƙololuwa. 'Yan mintoci ne na ɗaukar hoto sai a juyo. Lokutan da suka fi dacewa da tafiyar su ne Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba, kuma mai zuwa daga ƙasashen da ake samun cutar shawara sai ya riƙe katin rigakafinsa. A ranar sauka, kafin a kai ƙofar da ake karɓar takardar shaida, al'ada ce ayarin ya taru baƙi su ba da tukuici. Masu kare haƙƙin 'yan dako suna ba da shawarar a faɗi adadin a gaban kowa, a kuma danƙa wa kowane mutum rabonsa a hannunsa, maimakon a haɗa a ba ja-gora ya raba.